Randunan Kyauta

A zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, babu abin da mutanen Lahodu ke tsoro a farkon damina kamar kurkunu. Shi ba ya zuwa da rani, lokacin da mutum ke zaune gindin bishiya yana tufka igiya don rashin abin yi. Sai an yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta taso tana neman shaƙe shi, sannan ƙato zai wayi gari da bororo a idon sawu. Shi ke nan, sai kwanciya. Wata guda ko biyu ana naɗe farar tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, gona kuwa ciyawa ta gaje ta.

Gida ɗaya ne a garin ciwon bai san ƙofarsa ba, gidan Maccido. Kowa kuma ya san ba aikin Maccido ba ne, mutumin da ko ruwan alwala sai an miƙo masa. Aikin matarsa ne, Kyauta, wadda ke yi wa ruwa magana.

Tafki ɗaya suke sha da sauran jama'a, domin rijiyar garin nesa take, ga zurfi, da tafki ya kawo ruwa ba mai ƙara bi ta kanta sai bayan kaka. Amma Kyauta ba ta juye tulu a randa kamar mai zubar da ruwan wanke-wanke. Sai ta ɗaure farin ƙyalle ninki biyu a bakin randa saboda ganye da talibambam, ta yi bisimilla, ta karkata tulun a hankali, ta sunkuya kamar mai gaya wa ruwan asiri:

"Ruwa, baƙon Allah, sannu da hanya. Ka ratso daji, ka ratso garke. Shigo da lahiya, ka bar kayan da ba naka ba ƙohwa. Gidan ga na manoma na, ka bar musu ƙahwahunsu."

Sau uku take faɗi kafin tulu ya ƙare. Haka ta ga uwarta na yi, haka uwar ta ga tata. Shekara talatin da wani abu tana gidan Maccido, kurkunu bai taɓa fito wa kowa ba. Matan gari sun sha roƙonta maganar, ta kuma sha ba su, amma ba ta yi musu aiki, har aka yanke cewa abin gado ne, ruwa muryar zuriyarsu kaɗai ya sani. Ita ma ta yarda da haka, kuma in gaskiya za a faɗa, abin yana yi mata daɗi.

Ɗiya mace guda Allah ya ba ta, sauran duk maza. Ita ce kuma ta fari, Rabi'atu. To, ɗiyar fari kowa ya san dokarta: uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta zarya gidan aurenta. Ana yaye Rabi'atu gwaggonta Hauwa'u ta goye ta zuwa Goronyo. Can ta girma, can aka aurar da ita ga wani Shittu, suka daɗe suna shan ruwan rijiya, sai da mahaifinsa ya rasu suka koma gonarsa a Taloka. In dole ta kama a ambace ta, Kyauta sai ta kau da kai ta ce "waccan". Kada wani ya ce ba ta sonta. Tana sonta har abin na yi mata ciwo, sai dai tun tana amarya aka koya mata cewa irin wannan so abin kunya ne a gan shi, ita kuwa Kyauta in aka koya mata abu ba ta yi masa rabi-rabi.

Taloka ma tafki suke sha. Daminar Rabi'atu ta biyu a can, kurkunu ya kwantar da ita. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta aiko wa uwarta roƙo, a ba ta maganar ruwa. Habi mai daddawa ce ta kawo saƙon, wata ƙawar Kyauta da ke cin kasuwannin Wurno da Goronyo, mace ce da labari ba ya kwana a bakinta, nata da wanda ba nata ba. Kyauta ta zaunar da Habi ta yi ta biya mata maganar har sai da ta zauna mata daram, sannan ta sallame ta. Ranar ta yini tana murmushi ita kaɗai. In maganar ta ƙi matan gari, ai ba za ta ƙi jininta ba.

Da damina ta zagayo, Habi ta faɗo gidan ba ta ko tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Na ishe ta kwance," in ji ta. "Guda ukku ga ƙahwa guda. Na gwiwa ya tsinke ciki, gwiwat ta kumbura, wanzami ya ce ko ta warke ba ta ƙara lanƙwasuwa. Shittu ma shina kwance. Gonassu ko, sai ki ce ba a shibka ta ba."

Kyauta tana tsaye bakin turmi. "Tana yin maganar kuwa?"

"Kullum, sau ukku, yadda kinka ce. Ga kunnena ta yi."

"To mi yah hwaru?"

"Ni dai ɗiyar aike ta, kak ki ga laihina. Ta ce in gaya miki, kin bashe ta tun ba ta san hannunta na dama ba, ba ta ce komi ba. Abu guda tar roƙa gare ki duk duniya, kin ba ta rabi, kin ɓoye rabi don ɗiyan da kika so."

Kyauta ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da surfe, har geron ya koma gari ba ta sani ba. An sha gaya mata baƙar magana a duniya, ta kuma sha mayarwa har da ƙari, amma wannan ta shige ta har ƙashi, domin ba ta rage ko harafi ba. Duk abin da ta san uwarta ta ba ta, ta aika.

Ana cikin haka sai ga duba-gari daga Wurno, wani saurayi mai gajeren wandon kaki, ya jingine kekensa bakin tafki ya tara mata. Ya ce likitan Turawa ya ce kurkunu cikin ruwan tafki yake, a riƙa tafasa ruwa kafin a sha. Matan suka bushe da dariya. Da wane itace, ga damina, na tuwo ma sai an yi ta hurawa har hawaye? Wata ta nuna Kyauta ta ce ga tasu likitar nan, ita magana kawai take yi wa ruwa.

"Inna," in ji duba-gari, "ruwa ba shi da kunne."

"Kai ga su nan biyu gare ka," in ji Kyauta, "mi sunka tsinana maka?"

Aka sake dariya, saurayin ya hau kekensa ya tafi. Amma a hanyar gida maganar ta biyo ta. Ɗiyarta ta ce rabi aka ba ta. Duba-gari ya ce babu ma komai a ciki. Ga kuma ƙafafun gidanta lafiya lau shekara talatin. Ta juya abin, ta sake juyawa, ya ƙi zama. Ta aika a kira mata Habi.

"Ɗauki tulun ga," ta ce mata. "Yi min yadda kinka ga waccan na yi. Kak ki rage, kak ki ƙara."

Habi ta ɗauki tulu, ta yi bisimilla, ta buɗe randa, ta fara "Ruwa, baƙon Allah," ta tuttula.

"Tsaya! Ina ƙyallen?"

"Wane ƙyalle?"

"Na bakin randa!"

"Ke Kyauta, magana kinka ba ni, ba ki ba ni tsumma ba."

Gaskiyarta. Kyauta ta tsaya riƙe da baki. Ita a wurinta ƙyalle ba ya cikin maganar, tsabta ce kawai, kamar shara, wa zai aika wa matar aure cewa ta riƙa share ɗaki? Da ɗiyar a gabanta ta tashi, da ta gani da ido ba sai an faɗa ba. Da ita ma ta taka zuwa Taloka ko sau ɗaya, da hannunta ya yi abin da ya saba. Matan gari kuwa sun sha ganin ƙyallen, suka ɗauke shi iyayi irin na Kyauta.

Ta tace tulu guda, ta kwance ƙyallen ta fita da shi rana. Shekara da shekaru tana ɗauraye shi ba ta taɓa tsayawa ta duba ba. Bayan ganye da ɗan laka, sai ta ga waɗansu fararen abubuwa, ba su kai ƙwan ƙwarƙwata ba, suna ɗan zillo cikin damshi. Ko su ne, ko ba su ba ne, ba ta sani ba. Amma a ranar ta yanki sabon farin saƙi na Wurno mai ƙarfin bugu, ta ninke, ta ba Habi ta kai.

Bayan kwana takwas ƙyallen ya dawo yadda ya tafi.

"Ta ce bara magana, bana tsumma, baɗi kuma mi, ludayi? Ta ce a bar ta hakanan. Gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Goronyo jinya, can sai rijiya. Amma in damana ta zagayo tana komawa ɗakinta." Habi ta rage murya. "Ƙahwa guda tar rage mata, Kyauta. In ya kama waccan, sai jan gindi."

Kyauta ta karɓi ƙyallen ta adana. Ta yi tunanin ta yar da kunya ta kama hanyar Goronyo. To ta je da me? Da zato? Sau ɗaya ta aika abin da take ganin tabbas ne, ya ci gwiwar ɗiyarta. Ta rantse a ranta ba za ta ƙara kai mata abin da ba ta sani ba. Ko magana ce, ko ƙyalle ne, sai ta raba su ta ga wanda ke aikin. Ta san kuma abin zai ci shekara, domin ta daɗe da lura: amaryar da aka kawo daga garin masu rijiya ba ta kurkunu a daminar farko, sai ta biyu. Abin da aka sha bana, baɗi yake fitowa. Shekarar nan guda ita ce kuma duk abin da take da shi.

Washegari ta fito da wata ƙaramar randa ta girke a ɗakinta, ta rufe da faifai ta ɗora dutse. Ta ce jiƙo ne na ciwon baya na mata, kada kowa ya taɓa. Da jin an ce na mata, Maccido da 'ya'yansa maza ko kallon wurin ba su ƙara yi ba. Wannan randa ita kaɗai ke sha, ba ƙyalle, sai magana. Ba ta taɓa faɗinta da zuciya ɗaya kamar a daminar nan ba. Takan durƙusa, ta kai bakinta har yana neman taɓa ruwan, ta gaishe shi, ta lallashe shi, ta roƙe shi, sannan ta kau da ganye da yatsa ta sha.

Babbar randa ta tsakar gida, wadda mutum bakwai ke sha, ita kuma ƙyalle kawai, ba magana. Bisimilla dai tana yi wa duka biyun, wannan ba abin gwaji ba ne. Wahalar ita ce, ko ta rufe baki, zuciya sai ta riƙa biya maganar da kanta, in kuwa ruwa na jin baki, wa ya san ba ya jin zuci? Sai ta nemo wa zuciyar aiki. Akwai akuyar maƙwabcinsu Isa, wata ja mai karyayyen ƙaho, da ta taɓa cinye mata rama tas. Da ta karkata tulu sai ta kama akuyar nan a ranta, ta zage ta, ta zagi uwar da ta haife ta, ta bi danginta ɗaya-ɗaya har tulu ya ƙare. Damina guda cur akuyar nan na shan zagi, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Maccido, da ba ya lura da komai, sai ya lura da wannan.

"Yau ba a gaida baƙon?" ya ce daga kan buzunsa.

"Cikin zucciya nika yi."

"To madalla."

Ƙaryar ta yi mata nauyi. Duk sanda ta ga jikarta Atika ta kafa kai a moɗa tana kwankwaɗa, sai gabanta ya faɗi. Sau biyu ta tashi ta nufi babbar randa za ta faɗi maganar a huta, sau biyu tana tuna gwiwar da ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba, ta koma ta zauna. Ran nan kuma ta shiga ɗaki ta tarar Atika ta ture dutsen, moɗa a hannu, tana leƙen ƙaramar randa. Kyauta ta doke moɗar ta yi waje, ta daka wa yarinyar tsawar da har Isa ya jiyo ta bayan darni. Sai da ta buɗe mata baki ta ga harshen a bushe hankalinta ya dawo. Daga ranar ta ɗaure faifan da igiya, ƙulli uku, kwancewa ma ita kanta sai ta sa haƙori.

Aka yi girbi, tafki ya ƙafe, aka koma rijiya. Sai jira. Ba ta ma san abin da za ta roƙa ba. In ƙafarta ta tsira 'ya'ya suka kwanta, to magana gaskiya ce, ita kuwa ta kassara gidanta da hannunta. In tata ce ta kamu, to abin da uwarta ta bar mata, abin da gari ke girmama ta dominsa, iska ne. In kuma ba wanda ya kamu, ta yi asarar shekara, ɗiyarta za ta koma bakin tafki ba ta da abin gaya mata. Kowace safiya sai ta duba sawunta, sannan ta bi na mutanen gida da ido, har matar ɗanta ta fara tsarguwa tana jan zane tana rufe ƙafa. In Habi ta dawo daga kasuwa, Kyauta kan ce, "Mutanen Goronyo lahiya?" kamar duk garin take tambaya. Habi, da ta san mutum guda ake nufi, sai ta ce an fara takawa da sanda.

Bazara ta yi zafinta ta wuce. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Kurkunu ya fara kayar da mutane unguwa-unguwa, gidan Maccido shiru. Ran nan da hantsi Kyauta tana sheƙar dawa, sai ta ji jiri, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, idon sawunta na hagu ya kama zafi kamar an ɗora garwashi. Kafin azahar bororo ya taso. Ta zauna a inuwar rumbu ta zuba masa ido. Ta yi tsammanin za ta yi murna, sai ga hawaye. Uwarta ta tuno, tsugune bakin randa, tana yi wa ruwa magana da muryar da ba ta taɓa yi wa 'ya'yanta magana da ita ba. Tsohuwar ta ba ta abu biyu a dunƙule, ba ta ce mata ga wanda ke aiki ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta ƙara kwana goma tana duban sauran ƙafafu. Bororon ya fashe, kan tsutsa ya leƙo, ta kama shi da tsinke yadda ta ga ana yi. Labari ya gama gari cewa bakin Kyauta ya mutu, mata suka riƙa zuwa sannu, kowace idonta na kan ƙafar fiye da yadda bakinta ke kan gaisuwa. Ta bar su suka kalla. Mutanen gidanta kuwa kullum suna gona, ko tuntuɓe ba wanda ya yi.

Rana ta goma sha ɗaya ta kira Maccido ta gaya masa komai, randa biyu, ƙyalle, har akuya. Ya dubi ƙafar, ya dube ta.

"Wato da ƙahwahun ɗiyana kinka yi caca."

"Awo. Da tawa kuma."

"In da sun kwanta hwa?"

"Da na ɗauki kalme na nome gonakin ni ɗai, ko in mutu ciki. Malam, kana da gaskiya, ka yi hushinka, amma ka yi shi bayan na dawo. Tabkin Taloka ya kawo ruwa. Gobe za ni."

"Za ki ina da ƙahwag ga? Kuma ke, gidan ɗiyar hwari? Mi mutane ka cewa?"

"Su ce. Sun ce bakina ya mutu, ga ni ina magana."

Maccido ya fita, ya yini bai shigo ba, tuwo ma a zaure ya ci. Amma da gari ya waye ta tarar da jaki ɗaure a ƙofa, an ɗora masa akumari, an ƙara tsumma mai kauri a gefen hagu inda ƙafar za ta sauka.

Habi ce ta ja jakin. Yini guda suka yi ta cikin gonaki da laka, ƙafar na lilo, kowane taku na jaki sai Kyauta ta ji shi har ƙwaƙwalwa. Habi ta yi ta cewa su sauka wani ƙauye su kwana, ita kuwa amsarta guda ce, ja mu tafi. Suka shiga Taloka bayan la'asar. A ƙofar gidan Shittu, Kyauta ta ji abin da ya fi ƙafar nauyi, kunyar shekara talatin ta taso ta tokare mata ƙirji. Ta dafa kafaɗar Habi, ta yi sallama, ta shiga da ɗingishi.

Rabi'atu na tsaye bakin randa, ƙafa ɗaya a sandare, hannunta a wuyan tulun da aka ɗebo mata daga tafki. Ta rame. Kyauta ba ta taɓa yi mata kallon tsaf ba sai yau. Rabi'atu kuwa ta daskare. Ita "Yaya" take kiran uwarta, irin kiran 'ya'yan fari, shi ma rabonta da furta shi tun ranar aurenta.

"Yaya? Lahiya? Wa yar rasu?"

"Aje tulun ga."

Kyauta ta zauna kan wani turmi da ke kife, ta ja zane, ta miƙe ƙafar a tsakar gida. Ga kumburi, ga tsinke, ga farar tsutsa a naɗe.

"Damana guda ina shan randa tawa ni ɗai. Magana nay yi mata, duka, wadda na aiko miki, ban rage harahi ba. Ban sa ƙyalle ba. Ga abin da tab ba ni. Mutum bakwai na gidana sun sha na ƙyalle, ban ce ma ruwansu komi ba, suna gona yanzu haka." Ta ciro ƙyallen daga ƙugu, wanda aka mayar mata bara. "Ban ɓoye miki komi ba. Ban dai san wanga shi na maganin ba. Laihina guda, ban taho da kaina ba."

Rabi'atu ta dubi ƙyallen, ta dubi ƙafar.

"Da gangan kinka sha?"

"Da gangan."

"Kin san abin da shika yi ma mutum?"

"Dauri labari nika ji. Yanzu na sani."

Rabi'atu ta karɓi ƙyallen, ta ɗaure a bakin randa, ta ɗaga tulu. Ruwan ya taru bisa ƙyallen yana neman malala ƙasa.

"Sannu-sannu," in ji Kyauta. "Ba shi son gaggawa."

"Maganar hwa? In yi, ko in bari?"

Kyauta ta dubi randar. "Ban sani ba ko ruwa na ji. Na dai san kurkunu ba shi ji. In kin yi ta sau ukku, hannunki ba shi sauri, tulu ya ƙare daidai. Yi abinki, ta kakarki ta. Amma ko kin manta ta, kak ki manta ƙyalle."

Rabi'atu ta tace tulun har ƙarshe, bakinta na motsi. Sannan ta ɗebi ruwan a ƙwarya, ta ja sandararriyar ƙafarta, ta zauna ƙasa gaban uwarta da ƙyar, ta ɗauki ƙafar mai ciwo ta ɗora a cinya. Tana duba tsinken sai fuskarta ta canza.

"Wa yan naɗe wanga?"

"Ni."

"Haba! Ja kinka yi? Ba a ja! Kin kusa tsinke shi, in ya tsinke ciki kin ga abin da ka hwaruwa." Ta buga gwiwarta da tafin hannu. "Ke ba ki san komi ba ga kurkunu."

"Ina za ni sani?"

Rabi'atu ta jiƙa wurin, ta sa yatsu biyu ta murza tsinken rabin juyi, a hankali, ta tsaya, ta ɗaure. Hannun ya san aikinsa. Kyauta ba ta ji zafi ba, ko kuma ta ji ba ta kula ba.

"Kullum haka, kaɗan-kaɗan, sahe da marece," in ji Rabi'atu, ba ta ɗago ba. "Habi ta koma da jakin gobe. Ba ki hawa komi, ba ki zuwa ko'ina sai ya hita duka."

"Kwana nawa shika yi?"

"Gwargwadon tsawonshi. Wani wata guda. Mai tsawo har biyu."

Kyauta ta dubi kan ɗiyarta sunkuye bisa ƙafarta, kitson ya tsufa yana son a sake shi. Ta dubi ɗan guntun da ke jikin tsinke, bai kai tsawon yatsa ba. A ranta ta roƙi Allah ya sa mai tsawo ne.